Gargaɗi ga mai neman injin dizal na hannu don tsohon jirgin ruwa

Jama'a, duk mai tsohon jirgin ruwa irin mai tafiya da iska wanda injinsa ya gaji, har ya fara neman na hannu a intanet, ya yi hattara. 'Yan damfara sun san sabon inji da kuɗin ɗaura shi kan kusa kai darajar tsohon jirgin kansa, shi ya sa suka ɗana tarko a shafukan saye da sayarwa irin su Facebook Marketplace da Craigslist da eBay, musamman a Amurka da Ingila. Injinan da aka fi nema su suke tallatawa: Yanmar 2GM20 mai silinda biyu da ƙarfin doki 18, da 3GM30 mai doki 27, da Volvo Penta MD2030.

Wani tallan ma babu injin sam. Hoton wani aka ɗauko, aka karya farashi, sai mai tallan ya ce ya yi tafiya, amma wani kamfanin jigila zai kawo maka har gida idan ka ba da kafin alƙalami. Zai nemi kuɗin ta Western Union, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko ta sashen PayPal na aika wa 'yan'uwa da abokai, domin duk waɗannan ba su da kariya ga mai saye. Kana biya, sai a ɓullo da kuɗin inshora. Maganinsa mai sauƙi ne: ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna maka farantin lambar injin, ya aza takarda mai kwanan watan ranar a kansa. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan.

Wanda ya fi cutarwa shi ne injin da yake nan a zahiri amma ya taɓa nutsewa. Guguwar Irma a 2017 da ta Ian a 2022 sun halaka jiragen ruwa masu yawa a yankin Karibiyan da Fulorida, kuma inji idan ya kwana cikin ruwan gishiri ba a wanke shi an tayar da shi nan take ba, tsatsa ce ke kama bangon silinda da ringi. Mugun dillali sai ya zuba sabon mai, ya fesa fenti, ya ce an yi masa garambawul. Ka duba fentin da kyau. Idan ya hau kan tiyo da wayoyi da kan noti, ba a taɓa kwance injin nan ba, fesawa kawai aka yi. Ka ce ya kawo rasit na fistin da ringi da gasket. Ka buɗe murfin mai ka haska tocila, ka zaro sandar awon mai ta inji da ta giyabos. Mai da ya koma launin madara, ruwa ya shige shi. Sabon mai fes a tsohon inji kuwa abin tambaya ne, ba abin murna ba.

Kada agogon awoyi ya ruɗe ka. A allon makulli yake, ba a jikin inji ba, kuma sauya shi aikin minti kaɗan ne.

Ranar gwaji ka tafi da makanikenka, kuma ka gindaya sharaɗin kada a tayar da injin kafin ku iso. Ka ɗora tafin hannu a jikinsa. In ka ji ɗumi, an ɗuma shi ne don a ɓoye wahalar tashi. Injin da ke da lafiya yana tashi cikin 'yan daƙiƙu a sanyi. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona mai. Fari mai warin dizal da ya ƙi yankewa na nuna matsin silinda ya yi ƙasa ko nozul ta lalace. Baƙi kuma sau da yawa gwiwar salansa ce ta toshe, inda ruwa ke gauraya da hayaƙi. A haɗa masa ruwan sanyaya kafin a tayar, domin farfelar roba ta famfon ruwa tana ƙonewa da sauri idan ta juya a bushe. Makanike ya auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ya isa ka janye.

Akwai wata yaudara da ta fi ɓata rai, domin tana cin marasa ƙarfi. Kamfanonin injin jirgin ruwa Beta Marine da Nanni suna ƙera ƙananan injinansu ne a kan na kamfanin Kubota, sai wasu su ɗauko Kubota na janareta ko na tarakta su sayar a matsayin na jirgin ruwa. Ba shi da famfon ruwan teku, ba shi da tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, ba shi da giyabos. Haɗa waɗannan zai cinye duk rangwamen da ka samu. Haka nan a Yanmar, harafin F a ƙarshen suna, kamar 2GM20F, shi ke nuna ruwa mai daɗi ne ke zagaya cikinsa. Marar F ruwan teku yake sha kai tsaye, gishiri kuma ya daɗe yana cinsa ta ciki.

Kafin ka biya, ka auna tazarar ƙafafun injin da gadon da zai zauna a jirginka, ka karanta lambar juyin giyabos a farantinsa, misali 2.62:1, ka tabbatar ɓangaren da yake juya shaf ya dace da farfelar da ke tura jirginka. A rubuta lambar injin a takardar ciniki tare da sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katin shaidarsa, kuma kuɗi su fita ne a ranar da ake ɗora injin a motarka.