St Andrews, Kingsbarns da Gleneagles: filin bakin teku da na cikin tuddai

Wanda zai je Sikotland buga golf saboda kallon teku, kada ya ɗora burinsa a kan Old Course na St Andrews. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba bishiya, kuma ruwan da na gani sosai shi ne mashigin kogin Eden, can ƙarshen fili inda ake juyowa. Da na tsaya a wurin bugun farko, abin da ke gabana fage ne mai faɗin gaske wanda rami na 1 da na 18 suka yi tarayya a kansa, ga gidajen gari a gefe, ga mutane suna tsallaka titin da ya ratsa tsakiya. Amma duk da haka, a cikin filaye ukun da zan yi magana a kansu, shi ne na fi son in koma.

Ƙasar ce ta jawo hakan. Yashi ne a ƙarƙashin ciyawar, ruwa ba ya kwanciya, saboda haka wurin da tauri. Ƙwallo idan ta sauka ba ta tsayawa, sai ta yi ta gangarawa tana bin kwari da tudu har ta faɗa inda ba ka nufa ba. Ga kuma iska. Na saba ɗaga ƙwallo sama ta sauka kusa da tuta, a nan kuwa mai ɗaukar jakata ya ce in riƙa buga ta ƙasa-ƙasa, in sauke ta tun kafin dandamalin rami, wato filin gajeriyar ciyawa da tuta take, ta ƙarasa da kanta. Kuɗin da na ba shi sun biya, domin ramukan yashi 112 ne a filin, kuma da yawansu ba a hango su sai an zo kansu. Ɗaya daga cikin mafi suna shi ne Hell Bunker a rami na 14. Tiger Woods ya lashe gasar Open a nan a 2000 ba tare da ƙwallonsa ta shiga ko ɗaya ba, abin da ban gane girmansa ba sai da na taka wurin.

Dandamali bakwai na haɗaka ne, ramuka biyu a kan kowane, kuma lambobinsu idan aka haɗa suna ba da 18. Girmansu ya isa ka hau dandamali amma ka tarar tutar da ke kusa da kai ta wasu ce. Rami na 17 kuwa, Road Hole, sai ka harba ƙwallo ta saman kusurwar harabar otal ba ka ganin inda za ta sauka, sannan a gaba ramin yashi mai zurfi yana hagu, titi yana bayan dandamali. A wannan fili na Old Course aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, lissafin da duniya ta ɗauka. Shahararren ɗan wasan Amurka Bobby Jones ma ya yi fushi ya bar wasa a rami na 11 a 1921, ya dawo ya ci Open a filin a 1927.

Samun wuri sai da haƙuri. Ana fitar da sunayen masu wasa ta hanyar ƙuri'ar sa'a kwana biyu kafin ranar wasa, kuma ana neman shaidar ƙwarewa. Kuɗin shiga a tsakiyar shekara ya haura fam 300. Ranar Lahadi yawanci ba a wasa, filin ya zama wurin shan iska na jama'a, kowa na iya hawa Swilcan, ƙaramar gadar dutse da ke rami na 18, ya ɗauki hoto kyauta.

Mai son teku ya tafi Kingsbarns, 'yan mil kaɗan daga St Andrews. Kyle Phillips ne ya tsara shi, aka buɗe a 2000, kuma kusan daga ko'ina ana ganin ruwa. Yana da daɗin wasa, ya fi yafe kuskure, ya kuma fi Old Course tsada.

Gleneagles yana cikin Perthshire, tafiyar kamar awa guda a mota. A cikin filayensa, baƙi da yawa PGA Centenary suke nema, wanda Jack Nicklaus ya tsara, saboda a can aka yi gasar Ryder Cup ta 2014. Ni King's Course na zaɓa, aikin James Braid wanda aka buɗe a 1919. Tun rami na farko ake hawan tudu, kuma kowane rami yana cikin kwarinsa, da wuya ka ga waɗanda ke gabanka. Ƙasar ta fi laushi, ƙwallo tana tsayawa kusa da inda ta sauka, tuddan Ochil suna kewaye da kai. Rami na 5, Het Girdle, gajere ne amma dandamalinsa a ɗage yake, wanda ya kuskure sai ya gangara ƙasa ya nemi hanyar hawowa. Mai ciwon gwiwa dai ya yi shiri, hawa da saukar suna da yawa.

Idan aljihu ba zai ɗauki ukun ba, ni Kingsbarns zan ajiye. A saka suna a ƙuri'ar Old Course, a kama lokaci a King's Course tun da wuri, kuma a tafi da rigar ruwa ko da a watan Yuli ne.