Ka jira talabijin ɗin Apple, ko ka sayi wanda ke kasuwa?

Tun kafin shekarar 2011 ake raɗe-raɗin cewa kamfanin Apple zai fitar da talabijin nasa na kansa, cikakke, mai allo da tambarin tuffa a jikinsa. Maganar ta ƙara ƙarfi ne da tarihin rayuwar Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, da Walter Isaacson ya rubuta, wanda ya fito makonni kaɗan bayan rasuwar Jobs a watan Oktoban 2011. A ciki aka ruwaito Jobs yana cewa a ƙarshe ya gano bakin zaren yadda za a yi talabijin mai sauƙin sarrafawa. Daga nan masu hasashen kasuwa suka ɗauka. Gene Munster, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Piper Jaffray, ya shafe shekaru yana cewa ga shi nan tafe. A watan Mayun 2015 attajirin nan Carl Icahn ya rubuta wa shugaban Apple, Tim Cook, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana hasashen za a fara sayar da shi a 2016, sai ga jaridar Wall Street Journal da labarin cewa kamfanin ya jingine aikin tun sama da shekara guda kafin nan. Maganar ta lafa, sai a ƙarshen 2024 Mark Gurman na Bloomberg ya sake tayar da ita, ya ce kamfanin yana sake duba lamarin.

Wanda kuɗinsa ke hannu kuma falonsa ba talabijin, abin da ya dame shi shi ne: in jira, ko in saya? In kuma saya zan yi, wanne? A ganina dalilan da suka hana Apple shiga wannan kasuwa su ne za su nuna wa mai saye inda ya kamata ya zuba kuɗinsa.

Kamfanonin kwamfuta sun taɓa gwada wannan sana'a, ba su ji da daɗi ba. Shi kansa Apple a 1993 ya fitar da Macintosh TV, wata baƙar kwamfuta mai allo inci 14 da ke kama tashoshi, kuɗinta kusan dala 2,000. Kimanin guda 10,000 aka yi, cikin 'yan watanni aka daina. A 2002 Gateway ya girgiza kasuwar Amurka da siririn talabijin samfurin filasma mai inci 42 a kan ƙasa da dala 3,000, Dell ya biyo baya a 2003, HP ma ya shigo a 2004. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarko. Ba ma su kaɗai ba, tsofaffin 'yan hannu a harkar sun sha wuya: Pioneer ya bar yin talabijin gaba ɗaya, Sharp ya koma hannun kamfanin Foxconn na Taiwan a 2016, Toshiba kuma ya sayar wa Hisense sashen talabijin ɗinsa a 2017.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Mafi tsadar abu a jikin talabijin shi ne gilashin, kuma masana'antun da ke yin sa ba su da yawa: LG Display da Samsung Display a Koriya ta Kudu, BOE da CSOT a ƙasar Sin, da wasu 'yan kaɗan a Taiwan. Kowa wurinsu yake saro, don haka da wuya wani ya fito da abin da maƙwabcinsa ba zai iya kwaikwaya ba a shekara mai zuwa, kuma ribar 'yar ƙanƙanuwa ce. Apple kuwa ya saba da ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari a kan kayansa. Ga shi kuma mutum yana canza waya bayan shekara biyu ko uku, amma talabijin sai ya yi shekara bakwai ko goma a bango ba wanda ya taɓa shi, sai dai in yaro ya jefa masa rimot.

To, ta ina masu yin talabijin ke cin abinci yanzu? Ta cikin manhajar da ke jikinsa. Labarin Vizio, wani kamfanin talabijin na Amurka, ya isa misali. Kamfanin ya kai matsayin da ribar da yake samu daga tallace-tallace da bayanan masu kallo ta fi wadda yake samu daga sayar da talabijin ɗin kansa, kuma saboda wannan ne Walmart, katafaren kamfanin kantuna na Amurka, ya saye shi a 2024 a kan kimanin dala biliyan 2.3. Tun a 2017 ma Vizio ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zarge shi da tattara bayanan abin da mutane ke kallo a talabijin miliyan 11 ba da izininsu ba. Amazon ya fara sayar da talabijin da sunansa a 2021, Roku, mai yin akwatunan kallon bidiyo ta intanet, ya bi sahu a 2023, kuma dukansu abin da suke nema shi ne su mallaki shafin farko da idonka zai faɗa a kai in ka kunna. A nan ne masu son Apple ya shigo suke da hujja mai ƙarfi: talabijin da ba a cika shi da talla ba, wanda kuma ba ya bin sawunka. Na yarda da buƙatar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sai an sayi sabon allo kafin a same ta.

Ɗauki zaɓin jira tukuna. Babu ranar fitowa, babu ma sanarwar cewa akwai shi. In kuma ya fito, ka duba yadda Apple ke sa wa allon kwamfuta kuɗi: Studio Display mai inci 27 ya fito a 2022 a kan dala 1,599, Pro Display XDR mai inci 32 kuwa dala 4,999 ne a 2019, ƙafar da zai tsaya a kai kuma dala 999 daban. Kamfanin da ke sayar da ƙafa a haka ba zai ba ka inci 55 da arha ba. Ƙara da cewa Apple ba shi da kantinsa na kansa ko ɗaya a Afirka, sai dillalai. Waya in ta lalace a aljihu za ka kai ta gyara, talabijin kuwa sai an nemo Keke Napep, sannan a nemo wanda ke da kayan gyaransa.

Zaɓi na biyu shi ne abin da yawancin mutane ke yi: a sayi talabijin mai intanet a dogara da abin da ya zo da shi. Samsung, wanda ke kan gaba a kasuwar duniya tun 2006, yana amfani da manhajar da ake kira Tizen. LG yana da webOS, wanda abin mamaki asalinsa daga kamfanin waya na Palm ne, HP ya saye shi a 2010 ya rasa yadda zai yi da shi, ya sayar wa LG a 2013. Hisense na da VIDAA, Sony da TCL kuma galibi Google TV. Duka suna da YouTube da Netflix, kuma tun 2019 manyan samfuran Samsung da LG da Sony suna zuwa da AirPlay, zuwa 2020 kuma duk sun samu manhajar kallon fina-finai ta Apple. Wato mai iPhone yana iya jefa hoto da bidiyo daga wayarsa zuwa allon Samsung ba tare da ya sayi komai ba. Wannan shi ne matakin da Apple ya ɗauka maimakon yin talabijin: ya shiga cikin na wasu.

Matsalar wannan zaɓi tana bayyana ne bayan shekara uku ko huɗu. Ƙwaƙwalwar da ake sa wa talabijin mai arha ƙarama ce, sai ka ga ka danna rimot kana jira ya amsa, YouTube ya buɗe ya rufe da kansa, alhali hoton allon garau yake kamar ranar da aka sauke shi daga kwali. Wani lokaci ma manhajar ce ke janyewa, kamar yadda Netflix ya daina aiki a kan wasu tsofaffin talabijin na Samsung a ƙarshen 2019. Samsung da LG sun yi alƙawarin sabunta manhajar sababbin samfuransu na wasu shekaru, kuma hakan ci gaba ne, amma sabuntawa ba ta ƙara wa tsohuwar ƙwaƙwalwa sauri.

Shi ya sa na fi karkata ga na uku: ka raba allo da ƙwaƙwalwa. Ka sayi talabijin saboda kyan hotonsa da ƙarkonsa, ka ƙara ɗan akwatin kallon bidiyo ta intanet da ake sawa a ramin HDMI na jikin talabijin. In akwatin ya tsufa a canza shi, allon na nan.

Akwatin Apple TV ya fito tun 2007, kuma Jobs da kansa ya riƙa kiran sa abin sha'awa kawai, ba babbar sana'a ba. Samfurin 4K, wato mai hoto tar-tar fiye da HD, na 2022 ya zo a kan dala 129, mai ramin wayar intanet kuma dala 149, da irin ƙwaƙwalwar A15 da ke cikin iPhone 13. Yana da sauri ƙwarai, shafinsa na farko ba cunkoson talla, kuma samfurin 2015 har 2024 yana karɓar sabuntawa. Ga mai iPhone da intanet mai ƙarfi a gida, wannan shi ne talabijin ɗin Apple da ake jira, allon ne kawai na wani. Amma ka lura da abu uku. Ba ya kama tasha, dikodarka ta DStv ko StarTimes tana nan daram a nata ramin. Ba ya zuwa da wayar HDMI a kwali. Na uku kuma, wanda ya fi shafar mu, ba shi da ramin filasha. Gidan da ake aiken yaro shagon masu tura fina-finai ya ciko filasha da shirye-shirye masu dogon zango, wannan akwati ba zai yi masa amfani ba ko kaɗan.

Ga wanda wayarsa Tecno ce ko Infinix ko Samsung, akwatin Google TV ya fi dacewa, domin AirPlay ba ya aiki da Android kai tsaye. Chromecast da ya fito a 2013 a kan dala 35 an daina yin sa a 2024, Google TV Streamer ya maye gurbinsa a kan dala 99. Akwatin Xiaomi ya fi arha, kuma yana da ramin filasha. Fire TV Stick na Amazon ma yana aiki, sai dai shafinsa cike yake da talla. Waɗanda zan ce a guje su su ne akwatunan Android marasa suna da ake tallatawa da cewa duk tashoshin duniya kyauta ne a ciki. Ba su da shaidar Google, Netflix ba ya ba su hoto mai kyau, kuma a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana samun irinsu da muguwar manhaja tun daga masana'anta.

Masu yin waya da suka shiga harkar talabijin, irin su Xiaomi tun 2013, da Infinix da itel da muke gani a kasuwanninmu, ta ɓangaren arha suka shigo. Ba laifi gare su in ɗakin yara ne ko shago, amma kada sunan wayar ya sa ka tsallake gwaji.

Sai maganar allon kansa, inda mafi yawan kuɗin zai tafi. Nau'in allon OLED, wanda LG ya fara sayar da manyansa a 2013, ba shi da na biyu wajen baƙi mai zurfi da kallon fim cikin duhu. Amma yana da tsada, kuma in ana barin tasha ɗaya a kunne daga safe har dare, tambarin tashar na iya barin tabo a allon. Falon da rana ke shiga, ake kallon labarai da ƙwallo da Arewa24, LED mai haske ko Mini LED ya fi masa. Batun 4K kuma a yi lissafi da data: Netflix na iya cin har gigabait 7 a awa ɗaya a 4K, 3 a HD, kimanin 1 a hoto na yau da kullum. Wanda ke haɗa talabijin da datar wayarsa ba zai kalli 4K ba sai na kwana ɗaya. Duk da haka daga inci 50 zuwa sama kusan duk abin da ke kasuwa 4K ne, don haka abin dubawa shi ne yadda yake gyara hoto mai rauni. A inci 32 kuwa kada ka biya ko sisi don 4K.

Wuta ma tana da bakin magana. Inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50, inci 55 na iya haura 100, akwatin kuwa 'yan wat kaɗan ne. Mai sola da batir ɗaya ya duba takardar da ke manne a bayan talabijin kafin girman allo ya ruɗe shi. Stabilaiza da abin kare tashin wuta a lissafa su cikin kuɗin tun farko. Na hannu da aka shigo da su daga Amurka kuma a kula: wasu an yi su ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, kuma tsarin kama tasharsu ba irin namu ba ne, sai dai a yi amfani da dikoda.

In ka shiga kanti, za ka tarar an jera su suna nuna furanni da tsuntsaye masu ƙyalli. Wannan bidiyon talla ne, an kuma ƙure hasken allon don ya ja ido. Ka ce wa mai kanti, “Alhaji, a taimaka a sa min dikoda in ga tashar gida.” Ka je da filasharka mai ɗauke da fim ɗin da ka saba kallo, ka ga ko zai buɗe shi da sautinsa. Ka sa hoto fari fat sannan baƙi wuluk, ka matsa kusa ka nemi ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya ta gefe. Ka koma can gefe inda baƙi za su zauna ka duba ko launin ya koɗe. Ka ƙirga ramukan HDMI, uku ne mafi ƙaranci in za ka haɗa dikoda da akwati da na'urar wasan yara. Sannan a rubuta lambar jikin talabijin ɗin a kan rasit, a buga hatimi a katin waranti, a kuma faɗa maka a wane gari cibiyar gyaran take kafin a ɗaure kwalin.