Sashen awon yara: sun iya duba jariri, amma da an gama allurai sai su manta da shi

'Ya'yana biyu duk a sashen awon yara na asibiti guda ake bin lafiyarsu. Babbar ta shiga shekara biyar, ƙanenta kuma bai daɗe da fara takawa ba, don haka na ga aikin sashen nan tun daga farkonsa har inda yake yankewa. Sunan asibitin zan bar shi a cikina, tunda akwai ƙorafi a maganar, kuma ma'aikatan ba mugaye ba ne, aiki ne ya fi ƙarfin yawansu. Daga ranar haihuwa zuwa allurar rigakafi ta ƙarshe sun iya aikinsu ƙwarai. Daga nan kuwa, in uwa ba ta taka da ƙafarta ta nema ba, ba mai tunawa da ɗanta.

Abin da ya fara saye ni a wurin ƙofa ce. Lafiyayyun yaran da aka kawo awo ƙofarsu daban, ɗakin jiransu daban da na masu tari da zazzaɓi. Wani zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. To ƙwayar cutar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, jaririn da bai isa karɓar allurarta ba kuwa ba shi da wata kariya sai ɗan abin da ya samo daga jikin uwarsa.

Babbar sistar sashen, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta cika fara'a ba, ita ce ta sa na ɗore da wurin. Ba ta yarda a ɗora jariri kan sikeli da kaya, ko famfas sai an cire, kuma a gabanki take mayar da sikelin kan sifili. Tsawo a kwance take aunawa a kan allo, wata ta riƙe kai, ita ta miƙar da gwiwoyi, har sai yaro ya cika shekara biyu sannan a koma aunawa a tsaye. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce tsakanin awon kwance da na tsaye akwai bambancin kusan santimita 0.7, in aka cakuɗa su sai a ga kamar yaro ya tsaya da girma alhali lafiyarsa ƙalau. Sannan ta zagaya masa tef a kai, ta saman gira zuwa ƙeya. Kan jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35 a haihuwa, ya kai wajen 46 a shekara guda, kuma saurin girmansa ko jinkirinsa yana ba da labarin ƙwaƙwalwar da ke ciki tun kafin wata alama ta fito fili.

Lambobin ba ta barin su a takarda kawai, sai ta ɗiga su a kan jadawalin girma da ke cikin katin yaro. Jadawalin na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wanda ta fitar a 2006 bayan an bi girman yara kusan 8,500 a Burazil da Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka. Abin da binciken ya nuna shi ne ƙananan yara, in sun samu nono da kulawa yadda ya kamata, girmansu kusan iri ɗaya ne ko a wace ƙasa aka haife su.

Ɗana ƙarami ne tun haihuwa, kullum ɗigonsa a layin ƙasa-ƙasa yake faɗawa, ni kuma ina ganin 'ya'yan mutane ɓul-ɓul a ɗakin jira raina yana ɓaci. Wata rana na ce mata, "Sista, anya yaron nan yana ƙoshi kuwa?" Ta juyo da katin, ta bi ɗige-ɗigen da biro tun daga na farko, ta ce, "Maman yara, ba da ɗan wata muke gwada shi ba, da kansa na watan jiya muke gwada shi. Kin ga layinsa hawa yake. Ranar da ya kwanta ko ya gangara, ni zan fara gaya miki." Ita ce kuma ta kwantar min da hankali a makon farko da nauyinsa ya ragu: jarirai kan rasa har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa a kwanakin farko, su mayar da shi cikin mako biyu, su ninka shi wajen wata biyar, su kai ninki uku a shekara guda. Daga wata shida ta ƙara da tef ɗin nan mai launi uku na auna damtse, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Awon bai kai minti guda ba, amma ba ta taɓa tsallake shi ba.

Dubawar da likita ke yi wa sabon jariri ita ma ba ni da abin cewa. Ya shafa maɗiga, ya saurari zuciya, ya leƙa dasashi da ganɗa, ya tanƙwara ƙafafun ya buɗa cinyoyin yana lalubar ko ƙashin ƙugu yana gocewa daga gurbinsa. Gocewar ƙugu in an kama ta a watannin farko ɗauri na musamman kan gyara ta, in kuwa aka bari sai yaro ya fara tafiya yana ɗingishi, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Ya rage hasken ɗaki ya haska idanun da 'yar fitila yana neman jan hasken da ke dawowa daga cikin ido. In fari ya gani maimakon ja, ana zargin yanar ido ko wata irin sankarar ido ta ƙananan yara. An kuma maƙala masa 'yar na'urar auna iskar jini a hannu da ƙafa bayan ya kwana ɗaya a duniya, don akwai ciwon zuciyar da ake haihuwar yaro da shi wanda kunne ba ya ji. Abin da ya fi burge ni tambayar da ya yi min kan launin kashin yaron. Ya ce shawara a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, amma in ta wuce mako biyu, ko kashi ya koma fari-fari kamar alli, in dawo a ranar, domin toshewar hanyar matsarmama aikinta ya fi nasara in an yi shi kafin jariri ya cika wata biyu.

Matsalar ta fara ne daga gwajin jinin diddige. Ɗaukar jinin kansa ba laifi: tsira ɗaya a gefen diddige, a ɗiga a takarda ta musamman, dabarar da wani likita Ba'amurke, Robert Guthrie, ya ɓullo da ita a farkon shekarun 1960. Amma da na tambayi yaushe zan karɓi sakamako, sai wata matashiyar nas ta ce, "In ba ki ji kiranmu ba, lafiya ce." Wannan tsari ban yarda da shi ba ko kaɗan. Shiru yana iya nufin lafiya, yana kuma iya nufin takardar ta ɓata, ko an rubuta lambar waya ba daidai ba. Cututtukan da ake nema a gwajin nan kuwa ba sa jira. Ƙarancin sinadarin tayirod (sinadarin da wani ƙullutu a gaban wuya ke samarwa) da ake haihuwar jariri da shi yana samun kusan ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000, jaririn yana nan kamar kowa a ido, amma in ba a fara ba shi magani cikin makonnin farko ba ƙwaƙwalwarsa kan samu naƙasar da ba ta gyaruwa. Sikila ma haka: wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1986 ya nuna ba wa ƙananan yara masu sikila maganin fenisilin kullum ya rage musu mummunar cutar nan ta ƙwayoyin numoniya a jini da kashi 84 cikin 100. Ta yaya za a fara ba yaro magani a wata biyu in ba a san yana da ciwon ba? Sai da na matsa aka lalubo takardar ɗana a cikin fayil. Ashe nau'in jininsa na gado (genotype) AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ciwon ba. Ba abin tashin hankali ba ne, shi ya sa ba su kira ba, amma abu ne da yake da haƙƙin sani in ya girma, ni ma ina da haƙƙin a zaunar da ni a yi min bayani.

Gwajin ji shi ma da gyara. Na'urar mai kyau ce, 'yar roba ake sa wa jariri a kunne ta aika sauti ta saurari amsar da cikin kunnen ke mayarwa. Sai dai ɗakin da suke yi bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin allura, inda kuka ba ya yankewa, gwajin kuwa shiru yake so. Kunnen hagun ɗana bai wuce ba a karon farko, aka miƙo min takarda ba bayani, na kwana ina saƙe-saƙe. Da aka maimaita bayan 'yan makonni ya wuce. Sai a lokacin aka gaya min ruwan haihuwa da ya rage a kunne kan jawo haka. Da an faɗa tun farko me zai ragu? Ƙa'idar da masana ji ke bi ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimaka wa yaro kafin wata shida, don haka ranar maimaitawa ba ta wasa ba ce, kuma su ya kamata su bi uwa a kanta.

Rigakafi ba sai na tsawaita ba. Magungunan suna cikin firji mai ma'aunin sanyi a jiki, ana nuna miki kwalbar, ana rubuta lambarta a kati, ana faɗa miki zazzaɓin da zai iya biyowa da abin da za ki yi. Suna ƙarfafa uwa ta sa jariri a nono lokacin allurar, abin da ke rage masa zafi da gaske. Saƙon tunatarwa yana shigowa waya kafin ranar. Jira dai akwai shi, musamman farkon mako, kujerun kuma ba su da daɗin zama ga mai jego.

Babban ƙorafina shi ne a wurinsu awo ɗan rakiyar allura ne. Muddin akwai allura a gaba, akwai ranar dawowa. Da aka yi wa babbar tawa ta ƙarshe a shekararta ta biyu, sai aka rufe kati aka ce sai in ba ta da lafiya. Alhali a shekarun nan ne abubuwa da yawa ke bayyana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, misali, tana ba da shawarar a tantance ci gaban yaro da tsararrun tambayoyi a wata 9 da 18 da 30, a yi tantancewar lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, a wata 18 da 24, a duba ƙarancin jini wajen shekara guda, a fara auna hawan jini daga shekara uku. A sashen nan kuwa tambayoyin ci gaba a tsaitsaye ake yin su: yana zama? yana rarrafe? ya fara tafiya? a yi maki a wuce. Su kuma waɗannan su ne masu sauƙin gani, kuma lokacin da yara ke fara su ya bambanta sosai, tunda binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna lafiyayyun yara kan fara tafiya su kaɗai tun daga wajen wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Tambayoyin da suka fi wuya ba mai yin su: in an kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna abu da yatsa don ke ma ki gani? Yana haɗa ido da mutane? Kalmomi nawa yake faɗa, yana haɗa biyu a shekara biyu? Haƙora ma ba wanda ya taɓa cewa ta buɗe baki a gani.

Da 'yata ta cika shekara huɗu na je da kaina na ce a gwada mata gani. Ba ta taɓa kukan ido ba, ba ta matsawa kusa da talabijin, ba komai. Nas ɗin ta ɗan yi mamaki, sannan ta buɗe kabad ta ciro allon gwaji mai hotuna, ashe suna da shi. Aka rufe mata ido ɗaya ta karanto har ƙasa tana dariya. Aka rufe ɗayan sai ta fara karkata kai tana neman leƙowa ta gefen abin rufewar. Likitan ido da aka tura mu wurinsa ya ce idon dama ya fi na hagu ƙarfi sosai, ƙwaƙwalwa ta fara watsi da mai raunin, yaro kuma ba zai taɓa faɗa ba tunda da ido biyu a buɗe yana gani sarai. Yanzu tana sa tabarau, ana kuma rufe mata mai ƙarfin na wasu awanni a rana don a tilasta wa ɗayan aiki. Ya ce irin wannan ya fi jin magani kafin shekara bakwai, bayan nan gyaran na ƙara wuya. Gwajin da ya gano shi bai ci minti biyar ba, kayan yinsa kuma suna kulle a kabad ɗin sashen da aka yi ta kai ta tun tana tsumma.

Na kai maganar gaban shugabar sashen. Ta saurare ni da mutunci, ba ta kare kanta ba, ta ce, "Hajiya, gaskiyarki ne, hannu ne ba mu da shi." Na yarda ma'aikata sun yi kaɗan. Amma na'urar da ke aika saƙon ranar allura ita ce dai za ta aika na awon shekara biyu da na uku da na huɗu, kuma takardar tambayoyin ci gaba uwa na iya cike ta a ɗakin jira, inda dama zaman banza take yi. Ta ce za ta kai shawarar gaba. Ni dai na riga na sa an rubuta wa ƙaramin ranar awon wata goma sha takwas da ta shekara biyu a katinsa, da biron babbar sista, kuma na ce a haɗa da gwajin ƙarancin jinin da ba a yi masa ba.