Jirgin ƙasa na wasan yara: na roba, na katako ko na gwangwani?

Mu da muka tashi a Maraɗi ba mu san kukan jirgin ƙasa ba, sai labarinsa a bakin Baba in ya dawo daga Kano. Shi ya fara jera mana gwangwanayen sardin a tsakar gida, ya huda su da ƙusa ya zura zare, Yaya kuma ya yanko tayu daga tsohon silifa. Inna tana tankaɗe tana cewa, "Direba, a sauke ni Katsina." Yanzu da ake ta zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, yara sun ce su na saye suke so.

Na roba mai batir shi ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, ga fitila ga jiniya. Amma fa yashi ne ajalinsa. Wanda na saya wa ɗana bara kwana huɗu ya yi: rairayi ya shiga haƙoran injin, sai gurnani ba motsi. In shi za ka saya, ka sa mai shago ya harhaɗa layin a gabanka, jirgin ya zagaya sau biyu. Ka duba ko murfin batirin da noti yake rufe, don yaro komai baki yake kaiwa. In ka ga 0–3 da jan layi a jikin kwali, ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne.

Na katako, irin na kamfanin Brio na ƙasar Suwidin da masu kwaikwayonsa, ni shi na fi so. Ba batir, hannu ke tura shi, maganaɗisu ke haɗa taragu, ƙura kuwa tsumma ya ishe ta. Yana da tsada, kuma sau da yawa sai an yi sautu. Sai dai yakan ga ƙane ya ga ƙanen ƙane. A riƙa duba maganaɗisun kada ya ɓalle.

Na lantarki masu ma'aunin 1:87, wato tsawonsu kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske, irin na kamfanin Märklin na Jamus, wasan manya ne. Suna son ɗaki da tebur da wuta tsayayya.

Gwangwani kuwa har yanzu kyauta ne. A dai daddaƙe bakinsa da guduma kafin ya shiga hannun yaro, tabon yana nan a babban yatsana.