Wace na'urar GC-MS ce ta dace da ɗakin gwajinka? Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar dichlorvos a jikinsa, wato maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda. Wannan ɗan mitsitsin abu ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, amma ya isa ya rufe wa manomi kasuwa. Na'urar da ke gano shi ita ce GC-MS, kuma duk wanda aka ɗora wa alhakin sayo ta ga jami'a ko hukuma ko kamfani, ya kamata ya san cewa sunan ɗaya ne amma na'urorin iri-iri ne, kuɗinsu ma tazara ce mai nisa.

Na'ura biyu ce a haɗe. Ta farko, wato GC, ana ɗura mata ɗigon samfur, zafi ya mai da shi tururi, iskar hiliyam ta kora shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 da faɗin rami milimita 0.25, sinadaran su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu, wato MS, ta farfasa kowanne ta auna nauyin gutsattsarinsa. A wannan awon ne bambancin yake.

Ɗauki iska uku: naitirojin, da iskar nan mai guba da janareto ke fitarwa, da etilin mai nunar da ayaba. A sikelin na'ura ta gama-gari duka ukun nauyinsu 28 ne cif. Na'ura mai kaifin tantancewa kuwa za ta ce maka ta farko 28.0061 ce, ta biyu 27.9949, ta uku 28.0313. Daga waɗannan lambobin bayan ɗigo ake lissafo abin da ya haɗa sinadari ko da ba a taɓa ganinsa ba. Abin da ake biyan maƙudan kuɗi a kansa ke nan.

Mafi arha ita ce mai sanduna huɗu, irin su Agilent 5977 da Shimadzu QP2020. Ba ta da wannan kaifin, amma ga koyar da ɗalibai, ko duba man tsirrai da turare, ta wadatar, musamman in an haɗa ta da rumbun bayanai na NIST da ake kwatanta sakamako da shi.

Sai mai hawa uku, kamar Agilent 7010, Shimadzu TQ8050 da Thermo TSQ 9610. Ita ma ba ta cikin masu kaifin awo, amma dole in tsaya a kanta, domin a ganina ita ce amsar yawancin ɗakunan gwajinmu. Tana zaɓo gutsure ɗaya, ta sake farfasa shi, ta duba abin da ya haifa, ta haka take tsamo maganin ƙwari daga cikin datti da maiƙon samfur. In aikinka shi ne ka karɓi wake ko riɗi ko zoɓorodo daga kasuwar Dawanau ka faɗi ko sun tsallake ƙa'ida, kana da jerin sunayen abin da kake nema tun farko, to nan ya kamata kuɗinka ya tsaya. Rauninta ɗaya ne: abin da ba ka ce ta nema ba, ba za ta nuna maka shi ba.

Masu kaifin awo na gaske gida uku ne. Tsohuwar cikinsu mai maganaɗisu ce, irin Thermo DFS. Da ita aka gina gwajin dayoksin, gubar da ke fita daga ƙona robobi da shara, kuma hanyar gwaji mai lamba 1613 ta hukumar kare muhalli ta Amurka ta shar'anta ƙarfin tantancewa na 10,000, wato lambar da ke nuna kaifin awo: iya girmanta, iya kaifin na'urar. Na'ura ce mai nauyi, mai cin wuta, mai son ruwan sanyi da ƙwararren ma'aikaci da ba shi da wani aiki sai ita. Tun 2014 Turai ta amince a tabbatar da dayoksin a abinci da mai hawa uku, don haka kafin ka nemi mai maganaɗisu, tambayi wanda zai karɓi sakamakonka wace hanya ya yarda da ita.

Gida na biyu su ne masu auna lokacin tafiya, da ake kira TOF: ana harba gutsattsarin cikin bututu, marar nauyi ya riga mai nauyi isa. Ƙarfinsu sauri ne. A kaifin awo kuwa, LECO Pegasus HRT tana kaiwa 50,000, JEOL AccuTOF GC-Alpha 30,000, Agilent 7250 kuma 25,000. Ga samfur mai cunkoso kamar ɗanyen mai ko hayaƙi, inda sinadarai ke fitowa a kan juna, saurin nan ya fi komai amfani.

Na uku Orbitrap ce, ƙirƙirar Alexander Makarov, wadda kamfanin Thermo ya haɗa da GC a 2015. Exploris GC tana ba da 60,000, babbar 'yar'uwarta kuma 240,000. Daɗinta shi ne tana adana duk abin da ta gani, har ka iya komawa kan bayanan bara ka nemi sinadarin da a lokacin ba ka san da shi ba. Sai dai kaifin yana raguwa in ka ƙara mata sauri, yana kuma raguwa a kan gutsattsari masu nauyi.

A nan ake yawan ruɗin mai saye. Lambar da ke kan takardar talla ba sikeli ɗaya aka auna ta da shi ba. A zanen sakamako kowane gutsure yana fitowa ne kamar tudu. Masu maganaɗisu suna lissafi daga kwarin da ke tsakanin tudu biyu, sauran kuma daga faɗin tudun a rabin tsayinsa, wanda ke ba da lamba kusan ninki biyu. Ka ce dillali ya rubuta maka a wane nauyi, a wane sauri, da wane lissafi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji na tarar da na'ura sabuwa fil an lulluɓe ta da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, tukunyar hiliyam a gefe allurarta ta kwanta a sifili. Ma'aikacin ya ce mini, «Malam, tunda aka kafa ta sau uku ta yi aiki.» Ɗalibai kuma suna ta aika samfur wani gari. Wannan na'ura tana son ta kwana a kunne, domin famfonta yana riƙe cikinta babu iska ko kaɗan, kuma ɗauke wuta babu shiri yana gajarta ransa. Saboda haka inbata da batura masu riƙe ta har janareto ya tashi, da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, da ƙofa mai hana ƙura, duk cikin kuɗin sayenta suke. Hiliyam ɗin ma sai mai tsabtar kashi 99.999 cikin ɗari, daga waje yake zuwa, kuma a 2022 ya yi ƙaranci a duniya. Ana iya komawa haidurojin, amma ka tabbatar na'urar da hanyar gwajinka sun karɓe shi.

Ka kuma tambaya: injiniyan kamfanin a ina yake zaune, kwana nawa zai ɗauka ya iso, su wa ke amfani da irinta a ƙasar nan don ka kira su? A sa kwangilar gyara ta shekara uku da horar da mutum biyu aƙalla cikin yarjejeniya. In kuwa damuwarka gubar aflatoksin ce a gyaɗa da masara, wannan ba aikin GC-MS ba ne, na'urar da ke aiki da ruwa ake nema.

Kafin a biya, ka niƙa waken da ka sayo da hannunka, ka raba shi kashi uku, ka zuba wa biyu maganin da ka san adadinsa ba tare da ka faɗa wa kowa ba, ka aika wa kowane kamfani ya gwada a kan na'urar da yake son sayar maka.