Ta saye ko buɗaɗɗiya? Zaɓen manhaja ga ƙaramin ofishin masu rubuta manhaja

Wani ƙanena ya buɗe ɗan ofis a Birnin Kebbi tare da abokansa biyu, suna rubuta wa makarantun kuɗi da dillalan shinkafa na Argungu manhajar ajiye lissafi. Ya zo da kwamfutoci uku 'yan Kwatano, ya ce, "Yaya, me zan sa musu?" Ga abin da muka auna tsakanin manhajar saye da buɗaɗɗiya, wato wadda aka bar tushen rubutunta a fili, kowa zai iya dubawa ya yi amfani da ita.

Mun fara da manhajar da ke tuƙa kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da tsohuwar na'urar da ba ta da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta. Biyu cikin ukun nan ba su da shi. Saura ko a sayi sababbi, ko a sa ta sata wadda masu gyara ke ɗora wa mutum kan 'yan kuɗi kaɗan, ko a koma Linux, buɗaɗɗiyar manhajar tuƙa kwamfuta da ake samu kyauta. Ta satar kam na ce masa kada ya kuskura. Wanda ke riƙe da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane da lissafin buhunan Alhaji bai kamata ya zauna kan manhajar da bai san abin da aka cusa a cikinta ba. Ubuntu kuwa, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, tana fitar da bugu mai dogon tallafi duk shekara biyu a watan Afrilu, ana gyara shi kyauta har shekara biyar. Linux Mint ta fi sauƙi ga hannun da ya saba da Windows, kuma nau'inta na Xfce ba ya cin ƙwaƙwalwa, tsohuwar kwamfuta sai ta sami sarari.

A wajen rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana bayanan lissafin, ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Lasisin manya irin Oracle da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 kowa ya san yadda dala ta yi da mu. SQL Server yana da na kyauta, amma da iyakar girman da zai ɗauka. PostgreSQL, wadda buɗaɗɗiya ce, ba irin wannan iyakar, ba kuɗin lasisi. MariaDB ma haka. Mutanen da suka ƙirƙiro rumbun MySQL ne suka ɓalle da ita a 2009, lokacin da Oracle ke shirin sayen kamfanin Sun, mai MySQL ɗin. Amfanin ya fi fitowa ranar miƙa aiki: ka ɗora wa makaranta a kwamfutarta, ka karɓi kuɗinka, ba ka bar wa shugaban makaranta wani bashin shekara-shekara da zai zo yana neman ka a kai ba.

Git, mai adana tarihin gyare-gyaren rubutun manhaja, da VS Code, inda ake rubutun, ba sa buƙatar dogon zance, su yawancin masu rubuta manhaja ke amfani da su.

Inda na fi jan kunnensa shi ne lasisi, domin kyauta ba ta nufin ka yi yadda ka ga dama. Mai lasisin MIT za ka iya sa ta cikin aikinka, ka rufe, ka sayar, muddin ka bar sanarwar masu ita. Mai GPL kuwa, in ka haɗa ta cikin manhajarka ka raba wa wani, sai ka ba shi tushen rubutun a kan sharaɗi iri ɗaya. Sayarwa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce ba a yarda ba. Sai da ya sake duba guntayen manhajojin wasu da ya riga ya kwaso ya sa a aikinsa.

Buɗaɗɗiya ma tana da nata ciwon kai. Firintar ofishin ta ƙi magana da Mint, muka kwana biyu a kanta, ga wuta tana ɗaukewa. Takardar Word mai teburori da yawa takan ɗan karkace a LibreOffice, buɗaɗɗiyar madadin Microsoft Office, kuma ba lambar da za ka kira ka yi ƙorafi. Kai da intanet ne.

Don haka ya bar sabuwar cikinsu a kan Windows 11 mai lasisi, saboda takardun kwangila da gwada manhaja kafin a kai wa mai ita, tunda yawancin abokan cinikinsa Windows gare su. Biyun ya sa musu Mint da PostgreSQL. Kuɗin da ya ware wa lasisi ya sayi batir da inbata da su.