Ofishin da Ya Karanta Mini Wasiƙar da Na Jefa a Durowa

Wata bakwai wasiƙar Ma'aikatar Tsofaffin Sojojin Amurka, amsar diyyar da na nema, ta yi a durowar kicin, ƙarƙashin takardun kuɗin wuta. Ranar da ta iso, cikin Maris na 2022, shafin farko kawai na duba. Ƙarar da nake ji cikin kunnena an amince da ita, an auna nakasar kashi 10 cikin ɗari, wato dala 152.64 a wata a lissafin wannan shekarar. Ciwon ƙugu an ƙi. Gwiwa an ƙi. Toshewar hanci da ciwon kai an ƙi. Na ninke ta na ce haka Allah Ya so. Sauran shafukan kuwa ko buɗe su ban yi ba.

Ni ɗan Kaduna ne. Caca ta ba ni bizar Amurka, na shiga soja a 2006, aka horar da ni tuƙin manyan motoci a Fort Leonard Wood da ke jihar Misuri, sannan aka tura mu Iraƙi. Daga 2007 zuwa 2008 ina Balad, muna jigilar kaya cikin ayari, sa'o'i goma ko fiye a kan kujera da rigar sulke a jiki, mu dire daga saman mota mu sake hawa. Na bar aiki a 2011. Abin da zan yi bayani a kai a nan shi ne ofishin da ya taimake ni ɗaukaka ƙara bayan Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke ce wa VA, ta ƙi yawancin abin da na nema. Ofishin na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne masu wakilai da ma'aikatar ta tantance. Manyan da aka fi sani su ne DAV da VFW da American Legion, kuma ƙananan hukumomi da yawa suna da nasu jami'in. Ba zan ambaci wanda na je ba, tunda zan faɗi daɗi da rashin daɗi duka.

Kafin na kai gare su sai da na kusa faɗawa wani rami. Wani kamfani da na gani a Facebook ya kira ni, da murya mai zaƙi, suka ce za su kai ni kashi 100. Sharaɗinsu shi ne duk ƙarin da na samu a wata, in biya su ninkinsa biyar. Har na buɗe takardar yarjejeniyar a waya. Maman yara ce ta ce in bari sai bayan Juma'a, in tambayi wani dattijo a masallacinmu, mutumin Kumasi, wanda ya yi sojan ruwa. Da na nuna masa, sai ya karɓi wayar ya shiga shafin ma'aikatar inda ake duba sunayen wakilan da aka tantance, ya rubuta sunan kamfanin da na mutumin da ya kira ni. Babu ko ɗaya. Ya ce, "Ƙanena, kada ka sa hannu. Akwai masu yi maka wannan aikin kyauta." Na ce, "Yaya, araha fa ba ta ado." Ya yi dariya ya rubuta mini adireshi a bayan ambulan.

Abu na farko da ban ji daɗinsa ba shi ne samun ganinsu. Na kira sau huɗu, na'ura ce ke ɗauka. Na bar saƙo, sai bayan kwana tara aka kira ni, aka ba ni rana bayan mako uku. Ofishin ɗaki biyu ne, kujerun roba, tukunyar kofi da ta ga duniya. Wakiliyar da aka haɗa ni da ita tsohuwar soja ce ita ma, ta haura hamsin, fayil-fayil sun cika teburinta har da ƙasa. Ba ta da dogon gaisuwa. Mu da muka saba sai an tambayi gida da iyali da gajiya, sai na ji kamar an tare ni a ƙofa. Ta miƙo fom mai lamba 21-22 na sa hannu, wanda shi ne ya ba ƙungiyar izinin wakiltata da ganin fayil ɗina a kwamfutar ma'aikatar. Ba ta nemi ko sisi ba, ba ta ce sai na zama ɗan ƙungiya ba.

Sannan ta yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ta buɗe wasiƙar nan ta durowa, ta wuce shafin farko, ta ɗauki alƙalami mai launi ta fara karanta mini layi-layi. Ashe a ƙarƙashin kowane ciwo an rubuta dalilin ƙi, kuma an jera abubuwan da ma'aikatar ta riga ta yarda da su, waɗanda ba sai na sake tabbatarwa ba. Ta ce ƙafa uku ake nema kafin a biya diyya: likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, a ga wani abu ya same ka lokacin da kake aiki, sannan a sami alaƙa tsakanin biyun. A kan ƙuguna, an yarda ina da ciwon, hoton MRI ya nuna. Ƙafa ta biyu da ta uku ne babu. Ta juyo da allon kwamfutar ta nuna mini takardun asibitina na soja: shekara biyar, babu inda na taɓa zuwa na ce bayana yana ciwo.

Gaskiya ce. Ban taɓa zuwa ba. An tashe mu a kan namiji ba ya raki, ga shi ni baƙo ne mai harshe daban, ba na so a ce ɗan Afirkan nan rago ne. In ciwon ya tashi sai in karɓi maganin ciwo na Motrin wurin ma'aikacin jinyar ayarinmu in haɗiye in hau mota. Ta kuma nuna mini rahoton gwajin likita da aka yi mini bayan na nemi diyyar, wanda suke kira C&P. A layin farko an rubuta cewa da aka tambaye ni yaya jiki, na ce lafiya lau. To me Bahaushe zai ce? Ko a gadon asibiti kake, aka ce yaya jiki, "da sauƙi, alhamdulillahi" za ka ce. Da aka ce in sunkuya kuma, na cije na sunkuya har ƙasa don kada in ji kunya. Likitan ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. A kan wannan fayil ɗin, ko ni ne mai yanke hukunci, ƙi zan yi.

Daga nan ta zana mini hanyoyi uku a takarda. Tun watan Fabrairun 2019 tsarin ɗaukaka ƙara ya canza. Hanya ta farko, fom 20-0996, babban jami'i ne zai sake duba fayil ɗin yadda yake, ba a ƙara sabuwar hujja, kuma tana da amfani ne idan kuskure aka yi wajen karanta abin da ke ciki. Ta biyu, fom 20-0995, ita ce ta wanda ke da sabuwar hujja mai alaƙa da maganar. Ta uku, fom 10182, kai tsaye zuwa hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washinton, inda alƙali ke dubawa, kuma ita ce mafi jinkiri. Ni zuciyata alƙali take so, don in je in faɗi ta bakina. Ta ce in na je gaban alƙali da wannan fayil ɗin, zan yi shekaru ina jira a sake gaya mini abin da wasiƙar ta riga ta faɗa. Hanya ta biyu ce tawa.

Sai ta kalli kwanan watan da ke saman wasiƙar ta kalle ni. Shekara ɗaya ake bayarwa. In ka shigar da ƙara cikin wannan shekarar kuma ka yi nasara, ariyas ɗinka zai koma ranar da ka fara nema. In ka bari ta wuce, kana iya kawo sabuwar hujja daga baya, amma lissafin kuɗin zai fara ne daga sabuwar rana. Na riga na cinye wata takwas. Da ɗan gari akan ci gari, wannan ko a mafarki ban san shi ba.

Aikin tara hujja ni na yi shi, kuma a nan ne wasu za su ji an yaudare su in sun zo da tunanin za a yi musu komai. Ta ba ni jerin abubuwa ta ce in dawo da su. Na nemo abokan aikina biyu na Balad ta Facebook, ɗaya a Tekzas ɗaya a Jojiya, suka cika fom 21-10210, suka rubuta abin da suka gani da idonsu: ranar da na faɗo daga bayan tirela muna ɗaure kaya, da yadda nake kwanciya a ƙasa bayan kowace tafiya. Maman yara ta rubuta nata, yadda take ɗaure mini takalmi in ciwon ya tashi. Mafi wuya ita ce takardar likita mai nuna alaƙa. Ofishin ba su da likita, ba sa rubuta ta, ba sa kuma nuna maka wanda za ka je wurinsa. Abin da ta yi shi ne ta bayyana mini ma'aunin da doka ke amfani da shi: ba a neman likita ya rantse cewa aikin soja ne ya jawo ciwon, ana neman ya ce yiwuwar hakan ta kai rabi ko ta fi, ya kuma faɗi dalilinsa. In hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Na kai wa likitana takardun aikina da shaidar abokaina, ya karanta, ya rubuta shafi ɗaya da rabi.

Maganar hanci kuwa ita ta tono ta, ni na riga na haƙura. Ta tambaye ni ko na shaƙi hayaƙin ramin ƙona shara a Balad. Wa bai shaƙa ba? Roba, tayoyi, kayan asibiti, komai a can ake ƙonawa, iska ta kwaso hayaƙin ta kawo mana har ɗakin kwana. Ta ce a ranar 10 ga Agusta 2022, wata biyar bayan an ƙi ni, Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta ce wanda ya yi aiki a Iraƙi da wasu ƙasashe a wannan zamanin, in yana da kumburin kogon hanci mai daɗewa, ko asma da ta bayyana bayan ya bar aiki, da wasu cututtuka da aka lissafa, za a ɗauka aikin ne sanadi ba sai ya kawo takardar alaƙa ba. Takardar sallamata ta DD214 ta nuna Iraƙi, likita ya tabbatar da ciwon. Shi ke nan.

Ta shigar da komai a Janairun 2023, saura wata biyu wa'adin ya cika. Kafin sabon gwajin likita ta kira ni, kuma wannan ne karo ɗaya tilo da ta kira ba tare da na bi ta ba. Minti biyar muka yi. Ta ce kada in ƙara gishiri, kada kuma in rage. In an tambaye ni yaya jiki, in faɗi yadda mako na yake har da ranaku marasa daɗi. In an ce in sunkuya, in tsaya inda zafin ya fara in faɗa, domin akwai ma'aunin kusurwa da ake sa wa a jiki, kuma da lambar da ya nuna ake yanke kason. Na yi yadda ta ce, ko da yake bakina ya yi nauyi ƙwarai wajen gaya wa baƙo cewa ba na iya yin ruku'u sai a kujera.

Hukunci ya fito a watan Yuni. Hanci kashi 30, ƙugu kashi 20, kunne na nan a 10. Na haɗa na samu 60, amma takarda ta ce 50. Na kira a fusace, na'ura ta ɗauka, sai da na je da ƙafata. Ta ɗauki biro: ba tarawa ake yi ba. An cire 30 daga mutum cikakke, saura 70. Kashi 20 na 70 shi ne 14, ya zama 44. Kashi 10 na 56 da ya rage ya kai shi kusan 50, sai a tsayar a goma mafi kusa. Na yi shiru. Kuɗin wata ya haura dala dubu, babu haraji a kai, kuma da yake na wuce kashi 30 an ƙara wani abu saboda mata da yara. Ariyas ɗin ƙugu ya koma Satumbar 2021. Da na sa hannu a takardar kamfanin can, da dubban daloli sun tafi a kan aikin da mafi yawansa ni da abokaina muka yi.

Hukuncina a kan ofishin: sanin aiki, ba ni da abin cewa. Sadarwa kuwa rauni gare su sosai, mutum ɗaya da ɗaruruwan fayil, in ba ka bi ba sai a manta da kai a layi. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya tafi da wani, domin ba ta maimaita magana sau biyu sai ka roƙa. Kuma ba kowace ƙara ce ta dace da su ba. Ita da kanta ta ce in magana ta kai kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, inda kwana 120 kawai ake bayarwa bayan hukuncin hukumar, lauya ya fi. Lauyan da aka tantance ba ya karɓar kuɗi a kan neman farko, sai bayan an yanke hukunci, kuma yawanci kashi 20 na ariyas yake ɗauka in an ci.

Gwiwar ce har yau ba a amince da ita ba. A wannan karon mun zaɓi alƙali, da zama ta bidiyo, saboda likitana ya ce yadda nake ɗingishi don kare ƙugu shi ya lalata ta, kuma doka ta yarda da ciwon da wani ciwon aiki ya haifar. An gaya mini tun farko layin masu son zama da alƙali ya fi kowanne tsawo. Duk ranar Litinin ina buɗe manhajar VA a waya in duba, in kuma wasiƙa ta zo, a tsaye nake karanta ta har shafin ƙarshe kafin in cire takalmi.